Kirittika: wai wa ke mulkin wannan masaukin wata a wajen Hindu, wuta ce ko rana?

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya masu dogon zango, musamman waɗanda ake fassarawa da Hausa, ya san wurin nan da ake kiran fandit gida ana maganar aure, ya baje takardu a gabansa yana ƙirge da yatsu, can ya ɗago kai ya ce taurarin yaro da na yarinya ba su haɗu ba, shikenan uwa ta hau kuka. Yanzu kuma abin ya wuce talabijin, akwai manhajojin waya da mutum zai zuba ranar haihuwarsa da awa da gari, su fito masa da wani suna kamar Rohini ko Ashwini ko Kirittika, a ƙasa a rubuta wai ga mai mulkin tauraron. Toh a nan ruɗanin yake, don idan ka ɗauki Kirittika kaɗai, wani shafi zai ce maka Agni, abin bautar wuta, shi ne mai mulkinta, wani ya ce rana ce, wani ya kawo sunan Kartikeya, wani ma ya sako Mirrihi da Zuhura. Ba wai wani a cikinsu ya yi kuskuren rubutu ba ne, kalma ɗaya ce ake amfani da ita a kan abubuwa daban-daban da suka shigo a zamunna daban-daban, kuma sai an warware su ɗaya bayan ɗaya kafin a gane abin da su masu abin suke nufi.

Menene nakshatara tukunna

Wata yana ɗaukar kwana 27 da ɗan ɗori, kusan sulusin yini, kafin ya zagayo ya dawo kusa da tauraron da ya bari. Wannan daban yake da kwana 29 da rabi da muka sani na tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar. Mutanen Indiya na da can sai suka raba hanyar da wata yake bi a sama gida 27, kowane dare kamar ya sauka a gida ɗaya, shi wannan gidan ne nakshatara. Idan ka raba digiri 360 gida 27, kowane gida zai samu digiri 13 da minti 20, kuma kowanne an sake yanka shi huɗu, ana kiran kowane yanki pada, wato ƙafa.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Larabawa suna da manazilul ƙamar guda 28, kuma su ne taurarin da malaman hisabi da dattawan manoma a ƙasar Hausa suke lissafin damina da rani da su, irin su Surayya da Dabaran da Haƙ'a da Han'a da Zira'a, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14. Tun wajen shekarar 1030 Albiruni ya kwatanta lissafin biyu a littafinsa kan Indiya. Su ma Hindu suna da na 28 ɗin, sunansa Abhijit, yana cikin wasu tsofaffin jerin amma an ajiye shi gefe a lissafin yau da kullum. Babban bambancin shi ne a wajen Hindu kowane masauki yana da abin bautar da aka jingina masa, kuma daga nan ne labarai suka taso.

Kaza da 'ya'yanta ce

Kirittika ba wata ɓoyayyiyar tauraruwa ba ce, ita ce dai Surayya, wadda Bahaushe yake cewa kaza da 'ya'yanta, tarin ƙananan taurarin nan da suke cure wuri ɗaya ana ganinsu sosai da daddare lokacin sanyi. Masana sararin samaniya sun ƙiyasta nisansu da wajen shekara 440 na tafiyar haske, kuma sun haura dubu, amma ido ba tare da na'ura ba yawanci shida yake iya rabewa, mai kaifin ido a wuri mai duhu ya ga bakwai ko fiye. Wannan shida ko bakwai ɗin a riƙe shi, don shi ne ƙashin bayan labarin da ke tafe.

A littattafan Taittiriya na zamanin Veda, wato mafi tsufan littattafan addinin Hindu, bakwai aka lissafa, har da sunayensu: Amba, Dula, Nitatni, Abhrayanti, Meghayanti, Varshayanti da Cupunika. Uku daga ciki ma'anarsu ta shafi gajimare da saukar ruwa ne kai tsaye, abin da ke nuna tun asali taurarin lissafin yanayi ne na makiyaya da manoma. Sunan Kirittika kuma ana danganta shi da kalmar Sanskrit mai nufin yanka, shi ya sa alamarta a littattafan duba take aska ko wuƙa.

A jerin da ake amfani da shi yau ita ce ta 3, bayan Ashwini da Bharani. Amma a tsofaffin jerin, na Atharvaveda da na Taittiriya, da ita ake farawa. Littafin Shatapatha Brahmana ma cewa ya yi sauran masaukai tauraro ɗaya ne ko biyu ko uku ko huɗu, Kirittika ce mafi yawa, kuma ita ba ta kaucewa daga gabas. Me ya sauke ta daga ta ɗaya zuwa ta uku? Sandar da duniya take juyawa a kanta tana ɗan layi a hankali, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000, saboda haka wurin da rana take a ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris yana ja da baya digiri 1 duk wajen shekara 72. Wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa wannan wurin yana daf da Kirittika ne, kuma a lokacin tana fitowa daga kusa da tsakiyar gabas. Daga baya ya zame ya koma wajen Ashwini, sai jerin ya koma farawa daga can. Wasu masana, tun daga Bal Gangadhar Tilak da Hermann Jacobi a shekarun 1890, sun kafa hujja da irin wannan lissafi cewa al'adar Veda ta girmi yadda Turawa suke zato, wasu kuma suka ce maganar ba ta kai ta zama hujjar shekaru ba don tana iya zama tsohuwar magana ce aka gada aka ci gaba da maimaitawa. Har yau ba a rufe wannan muhawarar ba.

Labarin matan nan shida

Labarin da ya fi tsawo yana cikin Mahabharata, babban littafin almarar Hindu, a sashen zaman daji. Akwai manyan masu hikima bakwai da ake kira Saptarishi, waɗanda a sama su ne taurari bakwai ɗin nan na arewa masu siffar ludayi. Agni, abin bautar wuta, ya ga matansu a wajen wata hadaya sai sha'awarsu ta kama shi, ya san ba halin ya kusance su, ya tafi daji da baƙin ciki. Ita kuma Suwaha 'yar Daksha ta daɗe tana son Agni, sai ta ga dama ta samu, ta riƙa rikiɗa tana ɗaukar siffar matan ɗaya bayan ɗaya tana zuwa masa. Ta yi haka sau shida, da ta zo kan ta bakwai, Arundati matar Vasishtha, sai ta kasa ɗaukar siffarta saboda tsananin riƙon amanar aurenta. Daga wannan haɗuwa aka samu yaro mai kai 6 da hannu 12, shi ne Iskanda.

Magana ta bazu cewa matan masu hikimar ne suka haife shi, mazaje shida suka saki matansu alhali ba su aikata komai ba. Matan suka je wajen yaron suka ce tunda a kanka aka kore mu sai ka ɗauke mu uwaye, ya amince, aka ba su wuri a sama suka zama Kirittika. A nan ne ma labarin ya sako zancen Abhijit, wai ta yi kishi da Rohini ta tafi daji yin ibada ta bar gurbi a lissafin taurari. Arundati kuwa ta zauna kusa da mijinta, ita ce 'yar ƙaramar tauraruwar da ke maƙale da ta tsakiya a mariƙin ludayin, kuma har yau a bukukuwan aure da yawa, musamman a kudancin Indiya, ango yana nuna wa amarya ita a matsayin abin koyi.

Idan aka lura labarin yana amsa tambayoyin da mai kallon sama zai yi ne: me ya sa bakwai suka koma shida, me ya sa mazan suke arewa matan suke gabas, ina ta 28 ta shiga. Shatapatha Brahmana, wanda ya girmi Mahabharata, ya riga ya faɗi guntun wannan, cewa su matan taurarin arewa ne a da, aka raba su, yanzu Agni ne abokin zamansu.

Akwai wata ruwayar da ta fi yaɗuwa yanzu, wadda ta mayar da yaron ɗan Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. A nan ƙarfin Shiva ne ya fita da zafin da ba mai iya ɗauka, Agni ya ɗauko ya kasa riƙewa ya miƙa wa kogin Ganga, kogin ya ajiye a cikin wani dajin kyauro, aka haifi yaron a can, Kirittika shida suka zo kowacce tana son ta shayar da shi sai ya fitar da fuska shida. A wajen Tamilawa jarirai shida ne daban-daban, Parvati matar Shiva ta rungume su suka haɗe suka zama ɗaya. Shi ne ya girma ya jagoranci rundunar ababen bauta ya kashe maƙiyinsu Taraka. Sunansa Kartikeya ma'anarsa ɗan Kirittika, a kudu kuma Murugan suke ce masa.

Sai labari na uku da ya haɗa dukkan masaukan, cewa su 27 ɗin 'ya'yan Daksha ne mata da ya aurar wa Candra, wato wata, shi kuma ya tare a ɗakin Rohini ya manta da sauran, suka kai ƙara wajen uba, Daksha ya tsine masa ya fara ramewa, daga baya aka sassauta tsinuwar ta koma ya rame kwana 15 ya murmure kwana 15. Ana danganta wurin da ya samu sauƙi da Somnath a gaɓar tekun Gujarat. Mu ma dai muna cewa Zara matar wata, saboda haka wannan salon magana ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A wannan labarin Kirittika mace ɗaya ce kuma kishiyar Rohini, a wancan kuma mata shida ne na wasu mazan. Masu addinin ba su cika damuwa da daidaita su ba, kowane labari da wurin da ake kawo shi.

Toh wa ke mulkin

Mataki na farko kuma mafi tsufa shi ne devata, abin bautar masaukin, kuma a nan amsar Agni ce ba gardama, haka yake tun jerin Veda. Agni ba ƙaramin matsayi gare shi ba a wajensu, da waƙarsa Rigveda ta buɗe, kuma waƙoƙi wajen 200 nasa ne. Suna ɗaukarsa bakin ababen bauta, duk abin da aka zuba a wutar hadaya shi ke kai musu, kuma kalmar da ake furtawa lokacin zubawar ita ce suwaha, sunan matar nan ta labarin. Wutar da ake ganin ango da amarya suna zagayawa a fim shi ne shaidar auren, har dokar auren Hindu ta 1955 ta ambaci taku bakwai a gaban wuta. A zamanin Veda amfanin wannan jinginawar shi ne zaɓen lokaci, an so magidanci ya kafa wutar hadayarsa lokacin da wata yake Kirittika.

Mataki na biyu shi ne na buruji 12, wanda ya shigo Indiya daga baya ta hanyar hulɗa da Girkawa, asalinsa kuma Babila, a ƙarnonin farko bayan haihuwar Annabi Isa. Da aka ɗora 12 a kan 27 ba su hau daidai ba, sai Kirittika ta faɗo a kan iyaka: ta fara daga digiri 26 da minti 40 na burujin Rago ta ƙare a digiri 10 na burujin Sa. Tunda a wajensu Rago gidan Mirrihi ne, Sa kuma gidan Zuhura, pada ta farko tana gidan Mirrihi kenan, sauran ukun suna gidan Zuhura. Daga nan waɗannan sunaye biyu suke fitowa a manhaja.

Mataki na uku shi ne na rana, kuma ya fito ne daga wani tsarin lissafi da ake kira Vimshottari dasha, wanda ya raba rayuwar mutum shekara 120 tsakanin abubuwa tara: Ketu 7, Zuhura 20, rana 6, wata 10, Mirrihi 7, Rahu 18, Mushtari 16, Zuhal 19, Uɗarid 17. Rahu da Ketu ba taurari ba ne, wurare biyu ne da hanyar wata take ratsa hanyar rana. Ana bin masaukan a jere ana raba musu waɗannan tara, a zagayo sau uku, Ashwini ta samu Ketu, Bharani ta samu Zuhura, Kirittika ta samu rana, haka ma Uttara Phalguni da Uttara Ashadha. Wato rana ta zo nan ne ta hanyar layi, ba don wani labari ba, ko da yake masu duba suna cewa haɗuwar wuta da rana a gida ɗaya ba banza ba. Shi kuwa Kartikeya ba ya cikin jerin masu mulki na asali, alaƙarsa ta labari ce da ibada, sai dai a aikace a kudancin Indiya shi ne wanda jama'a suka fi tunawa a ranar Kirittika.

Inda ake saɓani

Masu duba suna cewa halin wanda aka haifa wata yana Kirittika halin wuta ne, kaifin harshe, zafin zuciya, cin abinci, iya riƙon wanda ba nasa ba kamar yadda matan suka riƙi Iskanda. Varahamihira, masanin da ya zauna a Ujjain a ƙarni na 6, ya siffanta shi da mai yawan ci, mai son matan mutane, mai kwarjini, sananne. Duk wanda ya karanta labarin Agni a sama zai ga daga inda siffofin suka fito, kuma a nan ne ɓangarorin suke rabuwa: mai duba zai ce labarin rufaffen bayani ne na tasirin da magabata suka lura da shi, masanin tarihi kuma zai ce daga labarin aka ciro halin aka liƙa wa jariri.

Masana kimiyya na Indiya da yawa suna girmama ɓangaren lissafin, don gano masaukin wata aikin hisabi ne na gaske, amma suna musun tasirin. A 2008 a birnin Pune, Jayant Narlikar da abokan aikinsa sun gwada masu duba, suka ba su takardun haihuwar yara masu hazaƙa a makaranta haɗe da na yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa su rabe, mutum 27 suka dawo da amsa, abin da suka dace bai wuce kashi 46 cikin 100 ba, wato bai fi canki-canka ba. Wasu masu duba sun ce tsarin gwajin bai dace da yadda suke aiki ba. A ɗaya gefen kuma hukumar jami'o'in Indiya ta amince a koyar da wannan fanni a 2001, masana suka kai ƙara, kotun ƙoli ta ƙi hanawa a 2004.

Su kansu masu lissafin ba bakinsu ɗaya ba kan inda da'irar take farawa. Gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 ƙarƙashin Meghnad Saha, daga nan ma'aunin da ake kira Lahiri ya samu karɓuwa, amma akwai wasu ma'aunan kamar na Raman da suka bambanta da shi da fiye da digiri 1. Wanda aka haifa a bakin iyaka, wata manhaja za ta ce masa Kirittika ta Agni, wata ta ce Bharani, wadda abin bautarta Yama ne mai kula da matattu.

Ga mai karatu Musulmi kuma, malamai sun daɗe da raba abin biyu. Sanin masaukan wata don lissafin lokaci da alƙibla da shuka halal ne, Alƙur'ani ma ya ambaci manazil a Suratu Yunus da Yasin. Jingina wa tauraro tasiri a kan rabo ko aure ko saukar ruwa kuwa shi ne abin da suka hana, kuma hadisin Hudaibiyya da ke Bukhari da Muslim ya yi gargaɗi a kan jingina wa tauraro saukar ruwa. Saboda haka Surayyar manomi da Kirittikar fandit taurari ɗaya ne a sama, amma aikin da ake sa su ya bambanta.

Abin da yake jawo wa mutane a aikace

Tun daga suna ake farawa. Kowace pada tana da harafinta, na Kirittika su ne A, I, U, E, kuma iyalai da yawa da shi suke fara sunan jariri. Sunaye irin Kartik da Kritika ma daga nan suke, haka watan Kartika na kalandarsu da ke faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, don wata yakan cika ne a kusa da waɗannan taurarin.

Sai lissafin dasha. Wanda aka haifa a Kirittika ana cewa ya fara rayuwa a zangon rana, idan wata yana tsakiyar masaukin saura masa shekara 3 kenan, sai 10 na wata, 7 na Mirrihi, 18 na Rahu. Tunda wata yana ratsa masaukin cikin kusan yini ɗaya, kuskuren awa ɗaya a lokacin haihuwa yana gusar da lissafin gaba ɗaya da wajen wata 3, shi ya sa iyaye a can suke matsa wa a rubuta musu har minti.

Inda abin ya fi taɓa rayuwa shi ne aure. A arewacin Indiya ana auna masaukin saurayi da na budurwa a kan maki 36, ana son a samu aƙalla 18. Maki 8 na abin da suke kira nadi ne, wato rukunin yanayin jiki, 6 na gana, wato rukunin hali. Kirittika tana rukunin rakshasa a gana, kalmar da ke tsorata iyaye don ma'anarta ta kusa da dodo, ko da yake masu duba suna cewa zafin hali kawai take nufi. Idan aka haɗa ta da Rohini misali, wadda take rukunin mutane kuma nadinsu ɗaya, maki 14 na iya zubewa tun kafin a duba sauran. Akwai togaciya da yawa da fandit zai iya kawowa ya ce aibin ya goge, akwai kuma hadayar gyara da ake biya, wanda ke nufin sau da yawa hukuncin yana komawa ga wane fandit aka kira da kuma ko iyayen dama suna son auren. A kudu tsarin daban ne, abubuwa 10 suke dubawa. Shafukan neman aure na intanet a Indiya suna da gurbin da ake cike nakshatara kamar yadda ake cike tsawo da sana'a.

A Tamil Nadu kuwa sunan ya shiga maganar yau da kullum ta wata hanyar. Kwanakin da suka fi zafi a watan Mayu, lokacin da rana take ratsa wannan yanki na sama, Agni Nakshatram suke ce musu, mutane da yawa suna ɗage biki da tarewa a sabon gida har su wuce. A watan Karthigai kuma, tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba, ranar da wata ya sauka a Kirittika ana jera fitilun mai a ƙofar gidaje, a garin Tiruvannamalai a kunna wata ƙatuwar wuta da man shanu a ƙolin dutse wadda ake hangowa daga nesa, dubban ɗaruruwan mutane suna zagaya dutsen a ƙafa, tafiyar wajen kilomita 14.